Me ya sa gwamnati ke biyan kuɗin jirgin da ba zai ɗauki fasinja ba?

Tambaya: Wani ɗalibin injiniya daga unguwar Kabuga a nan Kano ya rubuto yana cewa: "Malam, na ji cewa hukumar NASA ta Amurka ta ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar dala miliyan 247 da rabi domin ya ƙera jirgi ƙwaya ɗaya tak mai suna X-59, wanda ba zai ɗauki fasinja ba, ba kuma za a sayar da shi ba. Tunda kamfanoni irin su Boeing da Airbus ne za su ci moriyar abin daga baya, me ya hana su biya da kansu? Sannan mu a Najeriya, akwai abin da ya shafe mu a cikin wannan?"

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abin da gwamnati ke saya da wannan kuɗi ba jirgin ba ne, bayanan da jirgin zai samo ne. Jirgin gwaji kayan awo ne da aka yi wa fukafukai, ana ƙera shi ne don a amsa tambaya guda ko biyu, kuma da zarar an sami amsar, aikinsa ya ƙare ko da sabo ne fil. Shi ya sa yawancinsu ke ƙarewa a gidan adana kayan tarihi. Bell X-1, wanda Chuck Yeager ya tuƙa ranar 14 ga Oktoba, 1947 har ya wuce saurin sauti, yana rataye ne yau a wani gidan tarihi a Washington, amma abin da aka auna da shi ya shiga cikin littattafan da kake karantawa a aji.

Kafin a kai ga dalilin da ya sa gwamnati ce ke biya, sai an duba hanyar da sabuwar dabara ke bi kafin ta shiga jirgin fasinja. Da farko ana yin lissafi a takarda da kwamfuta, kuma wannan ba shi da tsada, malami da ɗalibansa ma suna iya yi. Daga nan sai a sassaƙa ɗan ƙaramin samfuri a sa shi cikin bututun gwajin iska, wato wani dogon ɗaki da ake kora iska a cikinsa da manyan fankoki ana auna yadda take bi ta jikin samfurin. Nan ma kuɗin bai fi ƙarfin jami'a ko cibiyar bincike ba. To amma iskar cikin bututu mai ladabi ce, ba ta da ƙura, ba ta da ƙanƙara, ba ta da ƙwarin da ke mutuwa a gaban fiffike, kuma ƙaramin samfuri ba ya lanƙwasa ko girgiza kamar yadda cikakken fiffike ke yi idan yana ɗauke da tan-tan na mai. Saboda haka dole a wani mataki a ƙera abin da girmansa na gaskiya, a ɗora mutum a kai, a tashi da shi. NASA ta kasa wannan hanya zuwa matakai 9, daga tunani zalla har zuwa abin da ke aiki a kasuwa, kuma a tsakiya ne, wajen mataki na 4 zuwa na 7, kuɗi ke ninkawa ninkin ba ninkin alhali har lokacin ba wanda zai iya rantsewa cewa dabarar za ta yi aiki. A nan ne yawancin dabaru masu kyau ke mutuwa.

Kamfani yana da dalilai biyu na ƙin sa hannu a wannan mataki, kuma duka biyun dalilai ne na mai hankali. Na farko lokaci ne: daga gwaji zuwa ranar da jirgi zai fara kawo kuɗi akan ɗauki shekara 15 ko 20, ƙera sabon jirgin fasinja kuwa yana cin fiye da dala biliyan 10, don haka shugaban kamfanin da masu hannun jari ke tambaya riba duk wata uku ba zai ɗora wannan dukiya a kan dabarar da ba a taɓa gani a sama ba. Na biyu shi ne ilimi ba ya zama a aljihun wanda ya biya. Idan ka tashi da sabon fiffike ya yi aiki, abokin gasarka ya gani da idonsa, injiniyoyinka za su sauya wurin aiki, kuma cikin 'yan shekaru kowa ya iya. Abin ya yi kama da gonar gwaji ta Kadawa ko ta Samaru: ba a tsammanin manomi ya shuka duk gonarsa da irin da ba a taɓa gwadawa ba, domin idan ya lalace iyalinsa ne za su kwana da yunwa, idan kuma ya yi kyau maƙwabta duk za su karɓi irin ba tare da sun biya shi hasarar da ya yi kasada da ita ba. Sai hukuma ta ɗauki kasadar a filinta, kowa ya amfana.

Misali mafi bayyana shi ne yadda ake sarrafa jirgi. A da, sandar da ke hannun matuƙi a haɗe take da fukafukai da wutsiya ta hanyar igiyoyin ƙarfe da sanduna da bututun mai. A farkon shekarun 1970 NASA ta ɗauki wani tsohon jirgin yaƙi na sojin ruwa, F-8, ta cire masa waɗannan igiyoyi gaba ɗaya, ta sa masa irin kwamfutar da aka yi amfani da ita a kumbon Apollo, yadda matuƙi zai motsa sanda, kwamfuta ta karanta nufinsa, ita kuma ta aika umarni ta wayar lantarki. Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka duniyar wata, wanda a 1970 da 1971 ya riƙe wani muƙami a sashen jiragen sama na hukumar, yana cikin waɗanda suka goyi bayan aikin. Jirgin ya fara tashi ranar 25 ga Mayu, 1972, aka ci gaba da gwaji da shi har 1985. Jirgin fasinja na farko da ya shiga kasuwa da irin wannan tsari na kwamfuta shi ne A320 na Airbus a 1988, kamfanin Turai ba na Amurka ba, Boeing kuwa sai a 1995 ya biyo baya da 777. Ba na cewa daga NASA kaɗai Airbus ya koya, domin injiniyoyinsa sun gaji ƙwarewar da aka samu a aikin Concorde, jirgin fasinjan nan mai wuce saurin sauti, wanda shi ma gwamnatocin Ingila da Faransa ne suka biya, amma ka ga dai yadda ilimin ya ƙetare teku. Haka ma lanƙwasar nan da kake gani a bakin fiffiken jiragen da ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano: Richard Whitcomb na NASA ne ya daidaita ta, aka gwada ta a jirgin soja KC-135 a 1979 da 1980, aka tarar tana rage shan mai da sama da kashi 6 cikin ɗari.

Akwai kuma wani misalin da ya taɓa garin nan kai tsaye, kuma shi na fi so ka riƙe. Ranar 24 ga Yuni, 1956, da yamma, wani jirgin kamfanin BOAC ƙirar Argonaut ya tashi daga Kano zai nufi Tarabulus a kan hanyarsa ta zuwa Landan, hadari yana haɗuwa a gefen filin. Jim kaɗan bayan tashinsa sai ya fara rasa gudu da tsawo duk da cewa injinansa huɗu suna aiki da ƙarfinsu, ya bugi bishiya ya faɗi, mutum 32 daga cikin 45 da ke ciki suka rasu. Abin da ya same shi yanzu an san shi sarai. A cikin wasu hadura, iska mai sanyi takan sulmiyo ƙasa da ƙarfi kamar an tuntsurar da ita, idan ta bugi ƙasa sai ta bazu ta kowane gefe. Jirgin da ya ratsa wurin yakan fara cin karo da iska ta gaba, wadda ke ƙara masa gudu ta ɗaga shi, sai matuƙi ya ga kamar komai lafiya, bayan 'yan daƙiƙoƙi iskar ta danno shi daga sama, sannan ta juyo ta bayansa ta ƙwace masa gudun da fiffike ke buƙata, alhali yana kusa da ƙasa ba shi da sararin farfaɗowa. Duk Bakano ya san iskar nan da ke tashi gabanin ruwan farkon damina ta kwashe rufin kwano, dangin ita ce.

Shekara kusan 30 wannan iska tana kayar da jirage. Bayan wani jirgin kamfanin Delta ya faɗi a Dallas a watan Agusta 1985 mutum fiye da 130 suka mutu, sai NASA da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka suka haɗa gwiwa a 1986. NASA tana da wani Boeing 737, wanda shi ne na farko da aka taɓa ƙerawa, da aka mayar da shi ɗakin bincike, har da ɗakin matuƙi na biyu a cikin inda ya kamata fasinjoji su zauna. Aka ɗaura masa na'urori iri uku masu hango iskar tun daga nesa, ɗaya rada, ɗaya mai harba hasken leza, ɗaya mai jin bambancin zafi. A 1991 da 1992, a Orlando da Denver, masu lura da yanayi a ƙasa suna gano inda iskar ta faɗo, su kuma matuƙan suna nufar wurin da gangan, su ratsa ta a ƙasa-ƙasa, su juyo su sake. Ka tambayi kanka wane kamfanin sufuri ne zai ba da jirginsa da ma'aikatansa a yi wannan, kuma wane kamfanin inshora ne zai yarda. Sakamakon shi ne rada mai gargaɗin matuƙi daƙiƙoƙi kafin ya shiga iskar, wadda jiragen fasinja suka fara tashi da ita a 1994. Wannan gwaji bai ƙara wa kowa ciniki ba, amma maniyyacin da ya tashi daga Kano a lokacin damina yana cikin waɗanda ke cin moriyarsa.

Shi X-59 da ka tambaya a kansa yana da wani dalili na daban, wato doka. Jirgin da ya wuce saurin sauti yana jan wata ƙara mai kama da tsawa a bayansa duk inda ya bi, har takan fasa gilashin taga, kuma saboda haka ne Amurka ta haramta wa jiragen farar hula irin wannan gudu a kan ƙasarta a 1973. An yi wa X-59 dogon hanci siriri, tsawon jirgin duka kusan mita 30, domin igiyoyin matsin iska kada su haɗu su zama bugu ɗaya mai ƙarfi. Hancin ya yi tsawon da matuƙi ba shi da taga ta gaba, kyamara ce ke nuna masa hanya a allo. Manufar ita ce a bi da shi ta saman wasu garuruwa, a tambayi mazauna ko ƙarar ta dame su, a miƙa sakamakon ga masu tsara doka na Amurka da na duniya domin su sa iyakar ƙara maimakon haramcin gudu. Da kamfanin da ke son sayar da irin wannan jirgi ne ya kawo waɗannan alƙaluma, ba wanda zai yarda da su, kuma da gaskiyar mutane. Ko duniya na buƙatar jirgin da attajirai kaɗai za su iya biyan kuɗinsa, wannan wata magana ce, ni kaina ban gamsu ba, amma hujjar cewa mai auna abin ya zama ba mai sayar da shi ba tana nan daram.

Kada ka ɗauka kullum kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. X-57, wanda aka yi niyyar ya tashi da lantarki zalla, an rufe aikinsa a 2023 bai taɓa barin ƙasa ba, sai dai abin da aka koya game da batura da injinan lantarki an wallafa shi. X-66, mai dogon fiffike siriri da aka tokare da sanda, wanda NASA ta yi alƙawarin zuba wa dala miliyan 425 kamfanin Boeing da abokansa kuma 725, an jingine ƙera shi a 2025. Akwai kuma hasarar rai: X-15 ya yi tashi 199 tsakanin 1959 da 1968, ya kai ninki 6.7 na saurin sauti, amma matuƙinsa Michael Adams ya rasu a cikinsa a 1967. A ganina gwajin da ya nuna cewa dabara ba ta aiki ba hasara ba ce, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Hasara ta gaskiya ita ce gwamnati ta tsallake daga biyan kuɗin bincike zuwa biyan kuɗin haja don neman suna. Concorde ke nan: an ƙera 20, guda 14 ne suka yi jigila, kamfanonin ƙasashen biyu da suka biya ne kaɗai suka saya, aka ajiye shi a 2003 ba tare da baitulmali ya ga kuɗinsa ba. Sannan iyakar da ke tsakanin tallafin bincike da tallafin ciniki ba a fili take ba, shi ya sa Amurka da Tarayyar Turai suka shafe daga 2004 zuwa 2021 suna ƙarar juna a Hukumar Ciniki ta Duniya, kuma hukumar ta samu kowane ɓangare da laifi, har da wasu kwangilolin binciken NASA da aka ba Boeing.

Su ma kamfanonin suna biya, amma a matakin da hanya ta fara haske. General Electric yana da Boeing 747 nasa da yake rataya wa sabon inji a gefe guda, sauran ukun na riƙe da jirgin ko da sabon ya mutu. A Turai an fi raba kuɗin tsakanin hukuma da masana'antu, kamar yadda aka yi a shirin Clean Sky, inda a 2017 Airbus ya yanke ƙarshen fukafukan wani A340 ya sa sababbi masu santsi don a ga ko iska za ta bi ta kansu ba tare da ta hargitse ba. Ka lura da cewa yawancin waɗannan ba sababbin jirage ba ne, tsofaffi ne aka yi wa kwaskwarima, kuma kasafin NASA na binciken jiragen sama bai kai dala biliyan 1 a shekara ba. Ƙarfinsa a ɗorewarsa yake, domin tun 1915 da aka kafa hukumar da ta gabace ta, NACA, ake wannan aiki ba a tsaya ba.

Nan ne maganar ta iso gida. Najeriya ba ta rasa farawa ba. An kafa kwalejin horar da matuƙa ta Zariya a 1964. A shekarun 1990 an harhaɗa ƙananan jiragen koyo masu suna Air Beetle kusan 60 a Kaduna, bisa ƙirar wani jirgin Amurka, RV-6A. Sojin sama sun nuna jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a watan Fabrairu 2018, wanda aka yi tare da wani kamfanin ƙasar Fotugal. Gwamnatin jihar Kano ma ta taɓa tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin yabo ne, amma idan ka jera su da wuya ka ga wanda aka gina a kan na bayansa, kuma a tsarinmu ranar bikin ƙaddamarwa ce ake ɗauka ƙarshen aiki, alhali a aikin gwaji ranar ce farkonsa. Kwatanta da Brazil, wadda ta fara da makaranta, cibiyar koyar da injiniyancin jiragen sama ta ITA a 1950, tare da cibiyar bincike ta soja a gefenta. A wannan cibiya aka ƙera samfurin jirgin Bandeirante ya tashi a 1968, sannan a 1969 gwamnati ta kafa kamfanin Embraer, sojin samanta suka zama masu saye na farko, sai a 1994 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Daga makaranta zuwa jirgin farko shekara 18, gwamnatoci sun sauya, har juyin mulki an yi, amma aikin bai tsaya ba. Jiragen E195-E2 da Air Peace ya fara karɓa a 2021 daga can suka fito.

Ba na ba da shawarar mu ƙera irin X-59, wannan ba damuwarmu ba ce, ba kuma aljihunmu ba. Damuwarmu tana kanmu duk hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi takan rufe Kano har a soke tashin jirage, kuma ba gani kaɗai take hanawa ba, tana cinye bakin fankokin inji, tana toshe ƙananan ramukan da ke sanyaya sassan da wuta ke bi, sai inji ya nemi gyara kafin lokacinsa. Zafin bazara kuma yana sa iska ta yi sakayau, jirgi ya buƙaci doguwar hanya ko ya rage kaya kafin ya tashi. A 2006 wani jirgin bincike na Ingila ƙirar BAe 146 ya zo Yamai ya auna wannan ƙura a sama, wato baƙi ne suka zo suka auna abin da muke shaƙa. Ƙaramin jirgi ɗaya daga cikin waɗanda sojin sama ko kwalejin Zariya suka daina koyarwa da su, idan aka ɗaura masa na'urorin awon ƙura da zafi da lafiyar inji, aka ba malaman Jami'ar Bayero da na cibiyar fasaha ta sojin sama da ke Kaduna damar amfani da shi, zai samar da bayanan da masu ƙera inji za su so su gani. Kano tana da filin jirgi babba, tana da makarantar horar da matuƙan soja, ƙurar kuwa kyauta take zuwa.

Abin da irin wannan aiki ke buƙata daga gwamnati bai tsaya a kuɗin saye ba. Yana buƙatar kasafin da za a riƙa saki shekara biyar ko goma a jere, domin matuƙin gwaji da injiniyan awo idan suka watse ba a tara su da sauƙi. Yana buƙatar hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta kasance da ƙa'ida bayyananniya ta ba jirgin da aka yi wa sauyi izinin tashi, da kuma keɓe wani yanki na sararin sama, musamman ga jirage marasa matuƙi, waɗanda su ne ɗalibi irinka zai iya fara gwaji da su. Sannan sai an sharɗanta wa duk wanda ya karɓi kuɗin, ko daga TETFund ne ko daga ma'aikatar tsaro, ya wallafa sakamakonsa, har da na gwajin da bai yi nasara ba, sai fa abin da ya shafi sirrin soja.